Ranar da Arzika Ya Sa Safar Dambe

Shekarar da ruwan Kainji ya ci gungunmu, ni Asibi ce na hana mijina zuwa Shanga ya jawo bijimin sa na kyautar dambe. Na faɗa da bakina tun da wuri don kada wani ya riga ni, domin har yau akwai tsofaffi a Wara da ba su da wata hira sai wannan.

Mijina Arzika ɗan dambe ne. Ubansa mahauci ne daga Yelwa, ya zo tsibirinmu sayen awaki, ya ga uwar Arzika tana ban ruwan albasa, bai koma ba. Daga wajen uba ya gaji dambe, daga wajen uwa ya gaji fadamar albasa a bakin Kwara. Da rani mu yi ta ɗibar ruwa da ƙwarya muna watsa wa albasa, da kaka shi kuma ya naɗe hannun damansa da zare ya bi garuruwa. Shekara goma sha biyu yana shiga fage, daga Ngaski har Shanga, gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa ba. A dambenmu kuwa maganar ke nan duka: in hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa an yi kisa, wasa ya ƙare, ko da ka miƙe kana dariya. Wanda ya yi kisan sai ya juya baya ya nufi wajen mutanensa, mata na guɗa, maza na miƙo masa kari, wani damin dawa, wani riga, wani akuya.

Sai aka toshe kogi. Aka kwaso mu aka zuba a tudu kusa da Wara, cikin ɗakunan siminti da in rana ta take sai ka fito waje ka sha iska. Geron da muka shuka a tsakuwa bai kai ƙugu ba. Fadamarmu tana ƙarƙashin tabki. Kifi kam akwai shi, amma tabki ba kogi ba ne, igiyar ruwansa ta fi ƙarfin ɗan kwalekwalenmu, sai mai babban jirgi da doguwar komar kamun kifi, baƙi kuwa su suka zo da waɗannan. Muna da 'ya'ya mata uku, ga Inna, uwar Arzika, wadda idonta ya fara dushewa. Kafin kaka ta yi nisa mun koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini. Ni nakan karɓi bandar kifin wasu in bi jirgin kasuwa in kai barikin leburori a Kainji, a ba ni ladan kai. A can na koyi ƙirgen Turanci, a bakin masu sauke buhunan siminti.

Cikin wannan hali mutum biyu suka zo gidanmu rana ɗaya, kamar sun haɗa baki. Na farko Baba Dudu, tsohon ɗan dambe wanda ya koya wa Arzika naɗin hannu. Na biyu Kofur Yohanna, maƙwabcinmu, tsohon soja, wanda bayan yaƙin duniya ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Ankara, yanzu yana gadi a barikin Kainji. Na shimfiɗa musu tabarma a inuwar bango, na koma bakin murhu inda zan ji komai.

Baba Dudu ya ce, "Manoman shinkahwa na Shanga ruwa bai kai musu ba. Sun aje sa, Arzika, ba maraƙi ba, ni da idona nig gane shi. Asabar ta ukku za a kara. Mamuda za su aza maka, wanda ka kashe har so biyu. Tahiya ce kawai ka jawo igiya."

Kofur Yohanna ya bari ya gama, sannan ya kawo tasa. Turawan da suka gina madatsa sun kusa tattara kayansu, za su yi wasan ban kwana a wannan Asabar ɗin. Wani Mista Basiru zai zo daga Ikko da ɗan dambensa, irin damben Turawa na safar hannu. Duk wanda ya buge ɗan damben, Mista Basiru zai tafi da shi Ikko, daga nan Ankara, daga nan Ingila, kafin su tashi kuma zai bar wa iyalinsa jirgi mai inji.

"Baba, sa guda wata nawa za ya kai su?" in ji Yohanna. "Bana an ba da sa, baɗi wa za ya ba da? Damben gida manoma ka biya nai, manoman kau ga su nan cikin siminti suna hamma. Can waje mutum shi yi hwaɗa guda shi ci shekara. Ko an buge shi sai an biya shi."

"Ko an buge shi?" Baba Dudu ya tofar da goro. "Wane irin dambe na wanga da aka biyan wanda anka kashe? Kai da kat tai wajen, mi kak kawo muna?"

Gaskiya ce. Kofur Yohanna bai dawo da komai ba sai akwatin ƙarfe da tari. Na san haka, kowa ya sani, amma na toshe kunnena. Ni jirgin nake gani.

Arzika mutum ne da ba ya son musu. Ya yi musu godiya duka biyun, ya raka su. Da ya dawo ya ɗauko zarensa ya zauna yana warware shi yana dubawa, na gane Shanga ya nufa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ajiye muciya na je na tsaya a kansa.

Na ce, "Maigida, in ka jawo san, mu yanka mu ci ko mu sai da mu ci. Kahin ruwan sama shi sauka ya ƙare. Sannan mi?"

Ya ce, "Sannan Allah na nan."

"Allah na nan sadda anka toshe kogi. Ruwanga ba ya komawa. Shekara sha biyu kana bugun ɗiyan mutane don akuya, yau an buɗe maka ƙohwa kana kallon zare."

Ya ajiye zaren gefe. Sannan ya ce, "In nit tai Ingila, wa za ya yi min kiɗi?"

Dariya na yi masa, dariya mai ciwo, har ƙaramar 'yarmu ta tsorata ta fashe da kuka. Na ɗauke ta na ajiye masa a cinya, na ce ya taɓa haƙarƙarinta ya gaya mini kiɗin me take so. Wannan maganar ba ta dace ba, kuma na san ba ta dace ba tun ina faɗinta. Amma ta yi aiki. Da safe ya tafi gidan Yohanna.

Kofur ya kafa turaku huɗu a bayan gari ya zagaye su da igiyar koma, ya ciro tsohuwar safar dambe daga akwatinsa na ƙarfe. Mako uku suna fama. Arzika ya saba hannun dama ne ke bugu, na hagu a buɗe yake yana tare abokin gaba, yanzu an ce duka biyun su yi bugu. Ya saba tsayawa da ƙafa a ware yana jiran dama ɗaya, yanzu an ce ya yi ta tsalle. Yara suka riƙa taruwa suna kwaikwayonsa. Kullum kuma sai Yohanna ya maimaita masa abu ɗaya: "In ya hwaɗi ba a gama ba. Ka koma lungu ka tsaya, rafali na ƙirga goma. In ya tashi ku ci gaba. Kome za a yi kak ka hita daga igiya." Arzika ya ce to. Sai dai duk garin ba wanda ya yarda ya tsaya masa, don kowa na son haƙoransa, saboda haka buhun yashi ya yi ta duka. Buhu kuwa ba ya faɗuwa ya tashi. Wannan darasin da kunne kawai ya ɗauke shi, jikinsa bai taɓa gwada shi ba. Ni kuma ba wanda ya ga dalilin koya mini komai.

Baba Dudu bai sake taka gidanmu ba sai ranar Juma'a da safe, yana kan hanyar Shanga. Daga bakin ƙofa ya tsaya. Ya dubi Arzika, ya dube ni, ya ce, "Allah shi kiyaye hanya." Ya wuce da sandarsa.

Mu ma ranar muka shiga jirgin kasuwa, ni da shi da Kofur. Na bar yaran wajen Inna da ɗan garin tuwon da ya rage. Tsakiyar tabki mai jirgi ya riƙa kaucewa kawunan giginya da suka leƙo saman ruwa, na gane na gungunmu ne. Mata biyu a jirgin suka fara hawaye. Ni ban yi ba. Na ce wa Arzika ya duba injin da kyau, ya ga yadda ake tayar da shi.

Asabar bayan la'asar aka yi wasan, a filin ƙwallon bariki. An kafa dandamali na katako an ja igiya uku. Turawa na kan kujeru a gefe ɗaya da matansu, leburori kuwa sun cika sauran wurin, wasu kan motoci. Rabinsu mutanen arewa ne, daga Kwantagora, daga Argungu, daga Zuru. Ba kalangu, ba kirari, sai wata ƙararrawa a kan tebur. Mista Basiru gajere ne mai ƙiba, da agogo a hannu, yana ta goge wuya da hankici. Ɗan dambensa siriri ne, in ka gan shi a kasuwa ba za ka ba shi buhu ya ɗauka ba. Na samu wuri a bayan layin farko, wajen taki goma daga igiya, Kofur yana can ɗaya gefen da bokiti da tsumma.

Turmin farko na sha wuya fiye da Arzika. Siririn nan ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana ta caka masa hannun hagu a fuska, sau uku, sau huɗu, kafin Arzika ya ɗaga dama tuni siririn ya bar wurin. Shekara goma sha biyu ba wanda ya taɓa bugun mijina da hagu. Hancinsa ya fashe. A turmi na biyu idonsa ɗaya ya kumbura ya kusa rufewa, Turawa na tafi. Ina tsaye ina cewa a raina ni na kawo shi, ni na kawo shi, ga sa can a Shanga ana ja. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, ba tsoron a ji masa ciwo ba, Allah ya yafe mini, tsoron mu koma hannu wofi.

A turmi na uku Arzika ya daina tsallen Kofur. Ya ware ƙafa, ya miƙa hagu gaba, ya ja dama baya can wajen ƙugu, yadda Baba Dudu ya koya masa. Siririn ya caka ɗaya, ya caka biyu, ya matso zai yi ta uku. Ban ga hannun ba, ƙararsa na ji. Mutumin ya durƙusa a kan gwiwa biyu, sannan ya kife gefe ɗaya.

Wurin ya yi tsit. A gida da tuni kalangu ya tsage, da tuni an ambaci sunan ubansa da na kakansa. Nan kuwa ba komai, sai rafali da ya sunkuya yana kaɗa hannu. Na ga Arzika da idona ya juya ya nufi lungu kamar yadda aka koya masa, taki ɗaya, taki biyu. Ni kuma na kasa jure a yi kisa irin wannan a bar shi shiru kamar an yar da tulu. Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Na kama hanci na rangaɗa guɗa.

Ya tsaya. Ya waiwayo. Da ido ɗayan da ya rage masa ya nemo ni cikin taro, ya yi murmushi, jini na bin haƙoransa. Ya sunkuya ta ƙarƙashin igiya ya diro ƙasa ya nufo ni.

Leburorin arewa suka ɗauka da ihu, don su ma a wurinsu an gama. Suka yi masa caa, wannan na tura masa hula, wannan goro, wannan kwalin taba, shi kuma ba ya iya riƙe komai da safa a hannu, sai ya rungume su a ƙirji. Suka rufe hanya tsakaninsa da dandamali. Ta saman kawunansu na hango siririn ya dafa igiya ya miƙe. Rafali ya duba lungu bai ga kowa ba. Ya juyo wajenmu, ya ɗaga hannu ya fara sabon ƙirge.

"Wan. Tu. Tiri."

A duk waɗanda ke kewaye da shi ni na fara gane abin da ake ƙirgawa. Kofur na can gefe yana tsalle yana kaɗa tsumma, ba mai jin sa. Arzika ya iso gabana. Na sa hannu biyu a ƙirjinsa na tura.

"Koma. Maigida, koma, ya tashi."

"Wa?"

"Mutumin. Ƙirga maka aka yi. Koma."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. "Asibi, gwiwa biyu hwa. Ba ki gani ba?"

"Sikis. Sebin."

Na yi ta tura shi, goro na zubewa ƙasa, ina roƙon mutane su buɗe hanya, su kuwa suna ta ɗaga hannunsa sama. Sai a takwas fuskarsa ta sauya, ya tuna. Ya juya ya kutsa, ya ture mutum biyu, ya kai hannu ga katakon dandamali. Nan goma ta same shi. Aka buga ƙararrawa, rafali ya ɗaga hannun siririn, wanda ko tsayuwa sosai ba ya iya yi.

Kofur Yohanna ya bi Mista Basiru har bakin mota yana roƙo, ni ina biye. Ya ce a sake ko turmi ɗaya ne, ya ce kowa ya ga hannun. Mista Basiru ya amsa da Hausarsa ta 'yan kudu, ba tare da fushi ba. Ya ce hannu kam bai taɓa ganin irinsa ba, amma mutumin da ya haura talatin bai iya tsayawa a lungu ba, ba shi da lokacin koya masa, kuma a Ingila ba a sake wa kowa. Kofur ya ce to a ba shi abin da ake ba wanda aka buge. Ya ce wanda aka buge daban, wanda ya fita da ƙafarsa daban. Na durƙusa a gabansa cikin mutane, ni da ban taɓa durƙusa wa baƙo ba, na ce laifina ne, ni na kira shi. Ya dube ni kamar bai gane abin da nake nufi ba, ya shiga mota.

Ba mu kai gida ba sai Litinin da hantsi. Tun a bakin ruwa aka tare mu da labarin Shanga: da aka rasa Arzika sai aka haɗa Mamuda da wani sabon shiga, Mamuda ya kashe shi a turmin farko ya ja sansa. Mai ba da labarin bai san inda zai sa idonsa ba.

Inna na zaune a ƙofar ɗaki, yaran na jikinta. Ta ji takunsa ta ɗago kai.

"Arzika, ka yi kisa?"

"Na yi, Inna."

"To madalla. Ina karin?"

Ya durƙusa ya ajiye mata hula ɗaya, da goro huɗu, da kwalin taba da ya murƙushe. Ta shafa su ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙara miƙa hannu tana lalube a tabarma ko akwai saura, sannan ta janye hannun.

Na shige bayan ɗaki na zauna kusa da murhun da ba wuta, ina jira. Tun daga Kainji bai ce mini uffan ba, na kuwa shirya wa duk abin da zai faɗa, har saki. So nake ya zage ni, ya ce ni na hana shi sa, ni na raba shi da jirgi, ko na samu abin da zan riƙe in yi kuka. Ya zo ya tsuguna a gabana, idon nan a rufe, leɓe a kumbure.

Ya ce, "Asibi, duk taron nan ke ɗai kis san abin da niy yi."

Ya tashi ya ɗauki fartanya, ko da yake ba abin nomawa a lokacin, ya fita. Ƙaramar ta leƙo ta ce tana jin yunwa. Na ɗauki ƙwarya na nufi gidan Kofur in ga ko matarsa na da tsakin dawa.